Ranar da Lasifikar Haru Ta Yi Shiru a Kasuwar Gazawa

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar kasuwar Gazawa, cikin bazarar shekarar da aka rufe iyaka, ɗan kabu-kabu ya sauke mutum biyu a bakin rumfata. Na riƙe lokacin ne domin na duba agogo ke nan, ina so in san awa nawa wani batir ya yi a kan caji. Ɗayansu Haru mai shela ne, mai ƙaramar bas ɗin nan da lasifika huɗu a kanta, wanda ke bin kasuwanni yana sanarwa da cigiya. Ɗayan kuma wani dattijon Bafillace ne, sanda a kafaɗa, ban taɓa ganinsa ba. Daga baya na ji sunansa Hammadu. Da ni da su biyun, mu uku ke nan, babu wani a wurin.

Haru bai tsaya gaisuwa ba.

"Malam Idi, abin da ka ɗaura mini ya kunyata ni a tsakiyar kasuwa."

Na ce, "Fara daga farko."

"Murya ta shaƙe, ta ɗauke. Mota ta mutu. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba."

"Ƙarfe nawa ka tayar da inji?"

"Takwas saura."

"Ka yi tafiya da ita yau?"

"Tafiyar mi? Daga gida zuwa bakin kara ne, inda ake sayar da dabbobi, ko jaki ba zai yi gumi ba."

Da jin wannan amsar na san inda laifin yake, kuma na san nawa ne.

Dattijon ya jira muka gama, ya sauke sandarsa, ya ce, "Malam, ni ban san ƙarfe ba, shanu na sani. Uku ne suka ɓace mini, yau kwana huɗu. Na je wurin jandarma, na je wurin masu gari, na bi rijiyoyi. Aka ce in zo wurin wannan mai babbar murya. Na zo, layi ya kawo kaina, sai muryar ta mutu."

Wanda ba ɗan yankin nan ba ne ba lalle ya gane nauyin maganar ba. Ranar kasuwa ce kaɗai mutanen ƙauyuka ke haɗuwa wuri ɗaya. In wani ya tsinci dabba ya ɗaure, a ranar ake jin labari. In kuma wanda ya tsinta ba mai tsoron Allah ba ne, a ranar yake kai ta kara, kafin la'asar ta shiga hannun wani ta bar gari. Cigiyar mako mai zuwa ba ta da amfani.

Na ce, "Baffa, ba ni awa biyu."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. "Awa biyu, rana ta kai ina?"

"Ta kai tsaka."

"To," in ji shi.

Kafin in faɗi abin da na yi cikin awa biyun nan, dole in faɗi abin da ban yi ba mako uku kafin ranar. Shi kuma ba za a gane shi ba sai an san wanda ya koya mini aiki. Ina rubuta wannan ne saboda samarin da ke zuwa rumfata yanzu da motocin kiɗan biki, altanater a kwali, suna ce mini aikin noti uku ne da bel ɗaya, in ban da lokaci su ɗaura da kansu.

Na bar lakol a aji shida. Mahaifina ya kai ni Tibiri wurin abokinsa Malam Ɗanladi mai gyaran wutar mota, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai na yi aparanti, wato ɗan koyo, a hannunsa. Shekarar farko ban taɓa waya ba. Aikina wanke kan batir da ruwan zafi, goge tsatsa, da jera kile, ƙarafan kwance noti, bisa lamba a kan buhu, daga takwas zuwa goma sha tara. In ya miƙo hannu bai waiwayo ba, ya ce goma sha biyu, na ba shi goma sha uku, ranar ba ni da sauran magana. A shekara ta biyu ya ba ni mita. A ta uku ya bar ni in buɗe altanater ni kaɗai.

Abin da ya fara koya mini a kansa shi ne wannan. Batir randa ce, ajiya kawai take yi. Altanater shi ne mai ɗebo ruwan, bel ɗin inji ke juya shi yana samar da wuta. In masu sha sun fi mai ɗebowa, randa za ta ƙafe, ko da randa biyu ce, ko da uku.

Abu na biyu shi ne abin da direbobin Tibiri suka raɗa wa suna awon shayi uku. Duk altanater ɗin da ya ɗaura, sai a tayar da inji a bar shi a ralanti, wato mota tana tsaye, inji yana aiki a hankali, babu mai taka totur. A kunna duk abin da ke cin wuta a motar, fitilu, fanka, rediyo. Sannan ya ce in ɗora shayi. Ba a duba mita sai an sha na farko, an sha na biyu, an sha na uku. Kusan awa guda ke nan. Na tuna wani direban taksin Sae Sabuwa da fasinja ke jiransa a tasha, ya ce, "Malam Ɗanladi, gyara na zo ko walima?"

Maigidana ya miƙa masa kofi ya ce, "Sha. Yana da sanyi yanzu, komi ka tambaye shi zai ce e. Bari ya yi zafi mu ji."

Da aka sha na uku aka duba, wuta ta faɗi ƙasa da volt goma sha uku. Aka sake kwancewa. Direban ya yi ta ƙunƙuni, amma shekara goma bayan haka shi ke turo wa maigidana mutane.

Ranar da ya sallame ni, Malam Ɗanladi bai ba ni takarda ba. Ya ba ni tsohuwar mitarsa da wani gwangwanin madara cike da fuli. Fuli ita ce ƙaramar ƙafar da ke bakin altanater, wadda bel ke hawa. Manya da ƙanana, masu rami ɗaya da masu layi-layi, ya tara su daga matattun motoci shekara da shekaru. Ya ce, "Kada ka sayar wa masu awon ƙarfe." Na ɗauko gwangwanin na dawo Gazawa, na kafa rumfa a bakin hanyar tasha, na tura shi ƙarƙashin benci.

Shekarun farko aikin motocin tafiya ne, taksin daji, motocin kaya, masu tsallaka iyaka da wake su dawo da kayan masarufi. Motar da ke gudu a hanya ba ta cika wahalar da altanater ba, domin inji yana juyawa da ƙarfi. Na ci gaba da awon shayi uku, amma ban cika ganin ya kama komi ba, sai na fara rage shi zuwa shayi ɗaya. Daga baya sana'ar ta sauya. Amfili ya shigo, wato akwatin da ke ƙara ƙarfin murya, da manyan lasifika. Masu kiɗan biki, masu tallar magani, masu wa'azi, masu shela irin Haru, duk motocinsu ba na tafiya ba ne, na tsayuwa ne. Mota ta tsaya wuri ɗaya awa shida cikin rana, inji a ralanti, amfili yana zuƙar wuta. Aikin ya sauya, ni ban sauya da shi da wuri ba.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka. Kayan gyara suka daina zuwa ta babbar hanya. Abin da ake samu sai wanda aka goyo a babur ta daji, babu mai shaidar inda ya fito. Mai ya koma na kwalba, kowa yana auna tafiyarsa. Wutar gari kuma ta zo yau, ta ɓace kwana biyu. Rabin motocin da nake gyarawa aka jingine su. Na yi watanni ina gyaran fitilar hannu da fankar gida don rumfa ta kasance a buɗe.

Cikin wannan halin Haru ya zo. Da can batir biyu yake cajawa a gida ya ɗora a mota don amfili. Da wutar gari ta daina tsayawa, sai ya ce motar ce za ta riƙa ba da wutar. Ga shi kuma ya ƙara amfili na biyu don muryarsa ta kai ƙarshen kara. Ya ajiye kwali a gabana, ya buɗe. Altanater ne fes, an fesa masa fenti kalar azurfa, an manna takarda a jikinsa da lamba babba, amfer ɗari da hamsin. Na motar, wanda ya zo da ita, bai kai rabin haka ba.

"Ka ga wannan, Malam Idi? Wannan ko unguwa guda zai haska."

"Wa ya sayar maka?"

"Wani yaron kirki ne, ya rantse mini."

Na duba ƙafafunsa, sun dace da mazaunin. Na duba bakin waya, ya dace. Na ɗaura, na ja bel, na tayar da inji. Haru ya sa hannu zai cire kan batir, irin gwajin da ake yi a tasha, wai in inji bai mutu ba to altanater yana aiki. Na buge hannunsa. Wannan gwajin yana ƙona abin da ke daidaita wuta, yana iya ƙona amfili ma, kuma ban taɓa yarda a yi shi a rumfata ba. Na sa mita, na ce ya taka totur. Ya taka, inji ya yi ruri, mita ta nuna goma sha huɗu da ɗigo huɗu. Na ce ya kunna amfili, ya kunna, yana kan totur, lamba ba ta motsa ba.

Na ce, "Bar ta a ralanti, in ɗora shayi."

Ya ce, "Haba Malam Idi. Lita ɗaya da rabi ke cikin tankin nan, a kwalba na saya. Shayinka zai sha mini rabi. Ba ga lamba ka gani da idonka ba?"

Na ga lamba. Na ga takardar da ke jikin ƙarfe. Na ce ya tafi. Wannan shi ne kuskuren, kuma ba na Haru ba ne, domin shi shela ya iya, ni aka kawo wa aikin wuta.

Ga abin da lambar ba ta faɗa. Abin da ake rubutawa a jikin altanater shi ne iyakar abin da zai iya bayarwa yana gudu sosai, yana da sanyi. Ba a rubuta abin da yake bayarwa mota tana tsaye. Wasu ma, musamman waɗanda aka sake naɗa wa waya don lambar ta hau, a gudu suna ba da wuta da yawa, a ralanti kuma ba su kai na asalin ba. Zafi yana ƙara rage su. Mako uku Haru yana zuwa kasuwannin nesa kaɗai, tafiyar zuwa ta cika batir, tafiyar dawowa ta sake cikawa, ba a gane komi ba. Ranar kasuwar Gazawa kuwa babu tafiya. Daga takwas saura, amfili biyu suna sha, mai ɗebowa ba ya kawo abin kirki.

To, yanzu in koma ranar. Na sa mita a aljihu, na ɗauki abu biyar na ɗaure a bayan babur: batirin da ke kan caji, kile, waya mai kauri, gwangwanin fuli, da wani tsohon altanater mai lamba tamanin da na ciro daga wata motar da ta yi haɗari. Ni na sake masa burushi da hannuna, kuma na san halinsa, domin shi na yi masa awon shayi uku a kan wata taksi lokacin da babu aiki. Haru da Baffa Hammadu suka biyo ni a kabu-kabu.

Motar tana bakin kara, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Da na buɗe ƙofar direba, sai ga dutse a ƙasa kusa da totur.

"Wannan fa?"

Haru ya sosa ƙeya. "Da muryar ta fara shaƙewa na ɗora shi a kan totur. Ta dawo. Sai ruwan inji ya fara tafasa, ga ruri ya rufe maganata, mutane suna cewa ba su ji. Na ɗauke dutsen, ba a jima ba komi ya mutu."

Dabarar dutse sananniya ce a wurin masu irin motarsa. Tana ba da wuta, tana shan mai, kuma cikin bazara tana dafa inji. Na jefar da dutsen ƙarƙashin bedi.

Na fara da kwance mai lamba ɗari da hamsin. Ƙarfen yana da zafi, sai da na naɗe hannu da tsumma. Na zazzage gwangwanin a kan buhu, na nemi fuli mai rami ɗaya da ta fi ta jikin tsohon altanater ƙanƙanta kaɗan. In fuli ta ƙanƙance, altanater yana juyawa da sauri ko da inji yana ralanti. Amma kaɗan ake ragewa. In ta yi ƙanƙanta da yawa bel zai riƙa zamewa yana kuka, kuma in an hau hanya altanater ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa. Na gwada uku, ta huɗu ta zauna. Notin fuli ya ƙi kwancewa, sai da wani mahauci ya riƙe mini da hannu biyu na buga.

Baffa Hammadu yana tsugune a gefe. Sau biyu ya tashi ya zagaya kara ya dawo. Kara babba ce, dabbobi suna shiga suna fita ta ko'ina, mutum ɗaya ba ya iya tsare ta da ido.

Bayan fuli sai wayoyi. Wayar da ke tashi daga altanater zuwa batir siririya ce, ta asalin mota, ta yi laushi don zafi. Na sauya ta da mai kauri, na sa mata fis kusa da batir, wato abin da ke yankewa in wuta ta yi yawa. Na sauya wadda ke haɗa batir da jikin mota, na sauya wadda ke haɗa inji da jikin mota, na kankare fenti da tsatsa a mazauninsu har ƙarfe ya fito fari. Mutane suna manta waɗannan biyun, alhali wuta sai ta sami hanyar komawa. Wannan ma aikin da ya kamata in yi ne tun ranar farko. Na ja bel, na danna shi da babban yatsa, na sa batirin da na zo da shi, na ƙara ruwa a inji.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi inji ya tashi. Na wuce awa biyun da minti goma. Na sa mita, ralanti, amfili biyu a kunne, goma sha uku da ɗigo tara.

Haru ya ce, "Shi ke nan, Allah ya saka. Koma rumfa."

Na ce, "Babu inda za ni. Ka yi shelarka, ni ina nan da mita. Aika a kawo shayi."

Ya yi dariya duk da halin da ake ciki. "Yau dai sai an sha shi."

Ya ɗauki makirfo ya yi sallama ga jama'ar kasuwa, ya karanta kamannin shanun yadda Baffa ya faɗa masa. Jar saniya mai dogon ƙaho da tsaga biyu a kunnen hagu. Wata jar kuma mai farin goshi, tana ɗingishi kaɗan. Sai karsana baƙa mai tsaga iri ɗaya. Ya maimaita sau uku. Sannan ya juya ya ce, "Baffa, zo ka faɗa da Fillanci, danginka su ji."

Dattijon ya riƙe makirfon nesa da bakinsa kamar zai cije shi. Haru ya tura hannunsa kusa. Baffa ya yi magana a hankali, muryarsa ta fita ta lasifika huɗu, har shi kansa ya waiwaya ya ga mai maganar. Ni idona yana kan mita. Bayan shayi na farko, goma sha uku da ɗigo bakwai. Bayan na biyu, da ɗigo shida. Bayan na uku ta tsaya nan, ba ta ƙara sauka ba.

Wajen ƙarfe biyu, mun idar da azahar, wata mai nono ta zo da ƙwaryarta a kai. Ta yi wa Baffa magana da Fillanci, ya miƙe tsaye. Haru ya tambaya, Baffa ya ce jajayen biyu suna ɗaure a ƙofar wani mai gari kudu da nan, kwana biyu ke nan, an same su a bakin rijiya. Matar ta gan su da idonta da safe tana tahowa.

Karsanar ce ba ta cikinsu. Haru ya ci gaba da cigiyarta har la'asar. Can wani dillali ya zo, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce shi dai ya ga baƙar karsana mai irin wannan tsagar a hannun wani baƙo, an yi ciniki an ja ta an fita da ita.

Na ce, "Ƙarfe nawa?"

"Wajen goma sha ɗaya. Da na ji cigiya a lokacin, da ban bari ta fita ba."

Ƙarfe goma sha ɗaya ina ƙarƙashin bedi ina fama da notin fuli, lasifika kuma shiru.

Na je gaban Baffa Hammadu na faɗa masa yadda abin yake, a jere, tun daga ranar da na ɗaura altanater ban auna shi yadda aka koya mini ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Da ba ka zo ba, uku ne suka tafi. Ka zo, ɗaya ce." Ya ɗora sandarsa a kafaɗa ya ce sai ya kai wurin jajayen kafin rana ta faɗi. Haru ya ce ya shiga mota ya kai shi. An kai rahoton karsanar wurin jandarma, ba a same ta ba har yau.

Bayan kwana tara, da hantsi, ga Baffa a bakin rumfata da ƴar ƙwaryar man shanu. Na ce ban cancanta ba. Ya ajiye a kan benci ya ce, "Ba kai na kawo wa ba, gidanka na kawo wa." Tun daga lokacin, duk fitilar hannu da rediyon rugarsu ni ke gyarawa, kuma duk Bafillacen da ya sayi babur a yankinsu wurina ake turo shi. Haru ma bai sauya mai gyara ba, ko da yake har gobe in ya shigo sai ya ce, "Malam Idi, a ɗora shayi ko a tara shanu?" Tsohon altanater mai lamba tamanin yana motarsa har yanzu da fulin Malam Ɗanladi a bakinsa. Mai lamba ɗari da hamsin yana rataye a rumfata. Da na sami mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya ta nuna amfer, na gwada shi a ralanti bayan ya yi zafi. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta ba.

Ba ina cewa babban altanater ba shi da kyau ba ne. Akwai na ƙwarai, na ɗaura su da yawa tun daga lokacin, kuma motar da ke ɗauke da amfili uku dole ta sami babba. Amma ga yadda nake zaɓa yanzu, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Na farko in tambayi mai mota awa nawa take tsayuwa, awa nawa take tafiya. Na biyu in duba fis ɗin kowane amfili in haɗa lambobin, in ƙara abin da inji da fanka da fitilu ke ci, in bar sarari a sama. Na uku in tambayi mai sayarwa abin da kayansa ke bayarwa a ralanti. In ya ce bai sani ba, sai ya yarda a gwada kafin a rabu, in ya ƙi a bar masa kayansa. Na huɗu mazauni, bakin waya da irin fuli su dace da motar. Na biyar wayoyin nan uku. Daga ƙarshe shayi. In an sha na uku mita tana sama da goma sha uku da rabi, komi a kunne, ƙafa ba ta kan totur, motar za ta yini tana magana. In tana sauka zuwa goma sha biyu, randa ake sha, kuma ƙarin batir ba zai yi komi ba sai jinkirta lokacin mutuwa.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da maigidan da ya tsananta mini. Na gode wa Haru da ya dawo, da Baffa Hammadu da ya ƙirga abin da ya samu kafin abin da ya rasa. Shekara talatin da wani abu ina cin abinci da wannan sana'a, ta aurar da ni, ta gina mini gida, ta riƙe ni a shekarar da wasu suka rufe rumfa.

Kai mai karatu, in kana da motar da ke tsayuwa tana magana, ko kana shirin saya mata altanater, ga roƙona. Kada ka biya don lambar da ke jikin takarda. Ka zo da mai a tankinka wanda zai isa awa guda, ka ɗauke ƙafarka daga totur, ka kunna duk abin da kake kunnawa a kasuwa, ka zauna da mai gyaranka har a sha shayi na uku. In ya ce maka babu buƙata, ka ba shi labarin baƙar karsanar Baffa Hammadu, ka ce ya ɗora buta.